Cikin Da Ba A Shirya Masa Ba Ya Kai Wata Biyar: Ƙofar Da Shari'a Ta Rufe Da Waɗanda Ta Buɗe

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayarwa, Mai azurtawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

A cikin tambayoyin da suke iso mu bayan karatun tsakanin Magariba da Isha'i, akwai wadda ba a yin ta a bainar jama'a. Takan zo ne a 'yar takarda da aka ninke, ko ta bakin wata dattijuwa da ta biyo ta wajen iyalinmu. Lafazinta kusan ɗaya ne kullum: "Malam, ciki ya kai wata biyar, ba mu shirya masa ba. Ina mafita?"

Masu aiko ta ba iri ɗaya ba ne. Akwai matar aure mai goyon wata takwas, mijinta ba aiki, ga 'ya'ya biyar a ɗaki ɗaya. Akwai wadda aka saka, sai bayan ta koma gidan iyayenta cikin ya bayyana. Akwai wadda mijinta ya rasu ya bar ta da shi. Akwai ɗaliba da shaiɗan ya ribace ta, akwai kuma yarinyar da aka yi wa fyaɗe ta kasa faɗa wa kowa. Hukuncinsu ya bambanta a wurare da dama, amma sun haɗu a abu guda: a cikin kowace ɗaya akwai rai. Saboda haka tambayar da ta rage a wannan mataki ita ce: wa zai riƙe wannan yaro, da wane suna, kuma wa zai ciyar da shi?

Kada mai karatu ya yi mamakin yadda ciki yake kai wa nan ba a sani ba. Mai shayarwa takan yi watanni ba ta ga al'ada ba, wata kuma dama al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci. Wata ta sani, tsoro ne ya sa take ƙaryata kanta, hijabi yana rufe mata, har ranar da ta ji motsi.

Ƙofar da aka rufe

Asalin wannan babi shi ne hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya bayyana matakai uku na halitta, kowanne kwana 40, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Daga nan mafi yawan malamai suka ɗauki kwana 120. Wasu kuma, saboda hadisin Huzaifa ɗan Asid da ke cikin Muslim, suna ganin busa rai yana aukuwa ne jim kaɗan bayan kwana arba'in na farko.

Akwai wani lissafi da ya kamata a lura da shi. Malaman fiƙihu suna ƙidaya daga shigar ciki, asibiti kuwa yana ƙidaya daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, tazarar da ke tsakani kimanin mako biyu ce. Ke nan kwana 120 na fiƙihu yana daidai da wajen mako 19 a takardar hoton ciki.

Bayan wannan lokaci malamai ba su yi saɓani ba cewa zubar da ciki haramun ne, domin kisan rai ne. Kafinsa ma, abin dogaro a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce kotunanmu suke bi, shi ne haramci tun daga sa'ar da maniyyi ya zauna a mahaifa, kamar yadda Shehu Dardir ya tabbatar a sharhinsa ga Mukhtasar. Sassaucin da ake samu a wasu mazhabobin yana tsayawa ne a farkon ciki, da sharaɗin uzuri karɓaɓɓe. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na shekarar 1990, ta yanke cewa idan ciki ya cika kwana 120 ba a zubar da shi ko da an gano nakasa a jikin ɗan tayin, sai fa idan kwamitin amintattun ƙwararrun likitoci ya tabbatar barinsa haɗari ne ga ran uwar. A nan ana ceton uwa, domin ita ce tushe. Haka nan idan ɗan ya mutu a ciki, fitar da shi magani ne, babu laifi a kansa.

Dalilai biyu da suka fi tura mutane ga zubar da ciki su ne talauci da kunya, kuma Alƙur'ani ya amsa dukansu. A aya ta 151 ta Suratul An'am da aya ta 31 ta Suratul Isra'i Allah Ya hana kashe 'ya'ya saboda talauci ko tsoronsa, Ya ɗauki nauyin arzikin iyaye da na 'ya'yan. A Suratut Takwir kuma Ya ba da labarin ranar da za a tambayi yarinyar da aka binne da rai laifin da ya sa aka kashe ta. Shari'a ta ɗora diyya ta musamman a kan wanda ya yi sanadin faɗuwar ɗan tayi, ana kiran ta gurra, ƙimarta ɗaya bisa goma na diyyar uwar. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba: sashe na 232 na Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, sai idan an yi ne don ceton ran matar.

Ga kuma abin da likitoci suke faɗa: duk sa'ar da ciki ya ƙara girma, haɗarin taɓa shi yana ƙaruwa, balle a hannun mai kemis na lungu ko mai jiƙe-jiƙe. Zubar jini, ruɓewar mahaifa da hujewarta sun kai mata da yawa kabari, wasu kuma sun rayu ba su ƙara haihuwa ba. An gudu ba a tsira ba.

Matakin farko: awo da sutura

Kafin a zauna shawarar wanda zai riƙi yaro, a kai mai cikin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, tana ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, a kuma ɗauki hoton cikin kafin mako 24. A can ne za a duba hawan jini, a ba ta maganin ƙarin jini, rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar tsinkau-tsinkau. Wadda ta kai wata biyar ba ta je ba, ta riga ta makara, kada a ƙara mata jinkiri. Yarinyar da aka kulle a ɗaki don gudun idon mutane, naƙuda ta same ta ba ungozoma, ita ce ta fi kusa da jijjiga da yoyon fitsari.

Sutura wajibi ce, ba ma jayayya da haka. Wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi duniya da lahira, kamar yadda ya tabbata a Sahihu Muslim. Ya halatta a mayar da yarinya wajen goggonta ko innarta a wani gari har ta haihu, kuma ba dole ba ne a sanar da wanda abin bai shafa ba. Abin da bai halatta ba shi ne a sayi sutura da ran jariri, ko da ƙarya a cikin nasaba.

Idan cikin na aure ne

'Yar'uwa mai goyo da ta yi kwanika, ki sani ba ki yi laifi ba, kuma ba ke kaɗai kika kawo cikin nan ba. Ciyar da ke da abin da ke cikinki yana wuyan mijinki gwargwadon ikonsa. Idan ya gaza, yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, kuma danginsa da naki su ne farkon waɗanda za a tambaya. Bayan haihuwa, ku je asibiti tare ku nemi shawarar tazara. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazarar haihuwa ta ɗan lokaci idan ma'aurata sun yarda, babu cutarwa, kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba.

Wadda aka saka tana da ciki, iddarta ba ta cika sai ta haihu, kuma aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta wajabta wa mijin ciyar da ita har ta sauka, sannan ya biya ta ladan shayarwa. Ko sakin na uku ne, wannan haƙƙi yana nan. Mijin da ya ce cikin ba nasa ba ne, maganar fatar baki ba ta kore nasaba. Sai ya tsaya gaban alƙali an yi li'ani da sharuɗɗansa. Wadda mijinta ya rasu kuwa, abin da ke cikinta magaji ne, kuma a Malikiyya ana dakatar da rabon gado har ya zo duniya. Da yawa daga cikin matan da suke tunanin rabuwa da 'ya'yansu, da an ba su waɗannan haƙƙoƙi, da ba su yi tunanin ba.

Idan ba na aure ba ne

Zina babban zunubi ne, ba za mu sauƙaƙa ta ba. Amma ƙofar tuba a buɗe take, kuma jariri bai yi komai ba, domin Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa ba mai ɗaukar zunubin wani. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa babu zunubi a kanta ko kaɗan, ita ce mai neman haƙƙi, kuma kai ƙarar wanda ya zalunce ta kariya ce ga 'ya'yan wasu.

Mu duba yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da matar nan ta ƙabilar Gamid, wadda Muslim ya ruwaito labarinta. Ita ta kawo kanta, ta ce tana ɗauke da cikin zina. Ya mayar da ita har ta haihu. Ta dawo da jariri a zani, ya mayar da ita har ta yaye shi. Ta dawo da shi yana riƙe da gutsuren gurasa, sai ya miƙa yaron ga wani mutum daga cikin Musulmi, sannan aka zartar da abin da ita da kanta ta nema, ya yi mata sallah, ya yabi tubanta. Shekaru aka jinkirta hukunci saboda yaron nan, kuma ba a bar shi ba mai riƙo. Hukunci aikin alƙali ne. Uba ko yaya ba shi da izinin duka, ko kora, ko tilasta shan magani. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Dabaru biyu sun yaɗu a tsakaninmu, kuma dukansu ɓatattu ne. Ta farko, a gaggauta ɗaura aure don a rufe cikin. A Malikiyya ba a ɗaura wa mai irin wannan ciki aure sai ta haihu, kuma ɗan da aka haifa kafin wata shida da aure ba a jingina shi ga mijin. Idan aka ɓoye wa ango, an haɗa da yaudara. Ta biyu, uwar yarinyar ko yayarta ta ɗaura tsumma a ciki, ranar haihuwa a ce ita ta haifa. Wannan ya shigar da yaro gadon da ba nasa ba, ya mayar da mahaifiyarsa yayarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da yaron ya gane, zafin ya fi na gaskiyar da aka guje masa.

A wajen jumhurun malamai, ana jingina wannan yaro ga uwarsa, yana gadonta tana gadonsa, danginta danginsa ne. Wasu magabata kamar Ishaƙ ɗan Rahawaihi, da Ibn Taimiyya da Ibn Ƙayyim a bayansu, sun ga za a iya jingina shi ga wanda ya yi cikin idan ya amsa, matuƙar matar ba ta ƙarƙashin wani miji. Mas'ala ce ta alƙali, ba ta zaure ba. Amma kada namijin ya ɗauka rashin nasaba ya wanke shi. Majalisar Malaman Indonesiya ta ba da fatawa a 2012 cewa hukuma tana iya ladabtar da irin wannan mutum ta hanyar tilasta masa ɗaukar bukatun yaron. Abu ne da ya cancanci malamanmu da kotunanmu su duba.

Riƙo daban, mayar da ɗa daban

Idan uwa ba za ta iya riƙewa ba, saboda ƙuruciya, ko ciwo, ko rashin abin hannu, nan ne maganar ba da yaro take shigowa, kuma nan ne ake yawan cakuɗa abubuwa biyu. Abin da Musulunci ya hana shi ne tabanni, wato mutum ya mayar da ɗan wani ɗansa na nasaba, ya ba shi sunansa, ya gaje shi. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi wa Zaidu ɗan Harisa haka kafin annabci, har ana kiransa ɗan Muhammadu, sai aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab suka soke wannan, suka yi umarni a kira kowa da sunan ubansa, wanda ba a san ubansa ba kuwa ɗan'uwa ne a addini. Zaidu ya koma sunan mahaifinsa, amma bai bar matsayinsa a zuciyar Annabi ba.

Abin da aka kwaɗaitar da shi shi ne kafala, wato riƙo: ci da sha, sutura, karatu, tarbiyya da ƙauna, ba tare da taɓa nasaba ba. Bukhari ya ruwaito cewa mai riƙon maraya zai kasance kusa da Annabi a Aljanna kamar kusancin yatsu biyu, kuma malaman zamani sun bayyana cewa yaron da ba a san iyayensa ba yana cikin wannan falala, ya ma fi maraya bukata. Aljeriya ta rubuta wannan bambanci a dokar iyalinta ta 1984, Maroko ta yi wa kafala doka ta musamman a 2002, kuma Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Mu kuwa riƙo ba baƙonmu ba ne. Gida nawa ne aka yaye ɗan fari aka kai wa kaka, ko aka ba goggo da ba ta haihu ba 'yar ƙaninta?

Dangi su ne a gaba. A tsarin Malikiyya, bayan uwa sai kakar wajen uwa, sannan 'yan'uwan uwa mata, kafin a koma ɓangaren uba. Idan ba a samu ba, sai a nemi gidan Musulmi amintacce. Ko wane ne ya karɓa, akwai abubuwa huɗu da za a daidaita tun farko.

Na ɗaya, suna. Kada a rubuta sunan mai riƙo a matsayin uba a takardar haihuwa ko ta makaranta. Wanda ba shi da uban da za a jingina shi gare shi, a ba shi suna mai kyau, a haɗa masa da suna na gama-gari irin Abdullahi, ko sunan gari kamar yadda dubban mutanenmu suke amsawa, ba mai tambayar dalili.

Na biyu, muharramaka. Ɗan riƙo idan ya balaga baƙo ne ga matan gidan, sai an shayar da shi. Shayarwa a cikin shekara biyu tana haramta abin da nasaba take haramtawa. A Malikiyya tsotso ɗaya da ya isa ciki ya wadatar, a Shafi'iyya sai biyar, don haka a cika biyar a fita saɓani. Idan uwar riƙo ba ta da nono, 'yar'uwarta mai goyo ta shayar da namiji, sai ta zama innarsa. Idan mace ce, 'yar'uwar maigidan ta shayar da ita, sai ya zama kawunta. Sai dai a wannan hanya 'ya'yan gidan ba su zama muharramai gare shi ba.

Na uku, dukiya. Ɗan riƙo ba ya gado, amma ana iya yi masa kyauta a miƙa masa tun ana raye, ana kuma iya yi masa wasiyya har sulusin dukiya. A rubuta, a kafa shaidu, kada a bar shi a hannun magada.

Na huɗu, gaskiya. A sanar da shi asalinsa sannu a hankali, daidai da shekarunsa, kafin ya ji a bakin 'yan unguwa ranar faɗa. Kuma kada a yanke shi daga mahaifiyarsa, domin haƙƙin zumunci yana nan ko wa ya yi reno.

Muna ƙara jan hankali: kada a sa uwa ta yanke shawarar ƙarshe cikin firgici. Mace da yawa takan ce ba ta son ganinsa tana wata biyar, ranar da aka ɗora mata shi ta ƙi saki. A bari ta haihu, ta ba shi dakashi, wato nonon farko, wanda malaman Shafi'iyya suka wajabta wa uwa bayarwa, sannan a tambaye ta.

Ta hannun hukuma, ba ta bayan gida ba

Idan riƙon zai fita daga dangi, a bi ta sashen jin daɗin jama'a na ma'aikatar mata ta jiha ko na ƙaramar hukuma, a samu takardar kotu. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta bambanta riƙo da mayar da ɗa, jihohi kuma suna da nasu tsarin, don haka Musulmi ya fayyace cewa riƙo yake nema. Takarda tana kare yaro, tana kare mai riƙo daga zargin sata, tana ba uwa sanin inda ɗanta yake.

Duk wanda ya zo da tayin kuɗi, ko ya ce zai ajiye yarinya a wani gida har ta haihu a karɓi jaririn, a guje shi, a sanar da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane. Bukhari ya ruwaito cewa Allah da kanSa zai yi husuma ranar ƙiyama da wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗinsa. Yar da jariri a kwata ko a kwali kuwa ƙofar kisa ce. Gidan marayu ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma shi ne zaɓi na ƙarshe, domin ma'aikaciya mai yara ashirin ba za ta zama uwa ga ɗaya ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Malam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya tsinci jariri a zamanin Sayyidina Umar. Da aka shaida masa mutumin na kirki ne, sai Umar ya hukunta cewa yaron ɗa ne mai 'yanci, ya bar shi a hannun wanda ya tsince shi, ya ɗora ciyarwarsa a kan baitulmali. Daga nan malamai suka ce ɗaukar irin wannan yaro farilla ce ta kifaya: idan kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi.

Mu da muke hawa mumbari mun daɗe muna faɗin haramcin zubar da ciki, kuma gaskiya muka faɗa. Amma wadda ta ji maganarmu ta bar cikin, ina muka tanadar mata? Masallacin Juma'a da yake tara kuɗin tayil da fanka zai iya ware wani abu don awo da haihuwar mata irin waɗannan, ya ɗora amanar a kan dattijai mata biyu masu riƙe sirri. Gidajen da Allah bai ba haihuwa ba, su sani ga hanya ta halal a gabansu. Mu kuma tsare harsunanmu daga mummunan sunan nan da ake jifan yaro da shi a kan laifin da bai ji ba bai gani ba, domin tsoron wannan suna ne yake cika kwatoci da gawar jarirai.

Ke kuma da kike karanta wannan hannunki yana kan cikinki, kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai. Ki zaɓi mutum ɗaya mai tsoron Allah a danginki ki faɗa masa yau, gobe ki je awo.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya suturta mu da zuriyarmu, Ya karɓi tubanmu. Allah ne Mafi sani.